Rami ko lif a garejin gida? A Kura da Bunkure, a fara tambayar ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ke bibiyar bidiyon gyaran mota a YouTube ko TikTok ya san irin garejin da nake nufi. Daɓe fes kamar na asibiti, ginshiƙan ƙarfe biyu a tsaye, mutum ya danna maɓalli ɗaya mota ta tashi sama, shi kuma ya shiga ƙarƙashinta a tsaye yana aiki ba tare da rigarsa ta taɓa ƙasa ba. Wannan na'urar ɗaga mota ita ce lif. A gefe guda kuma akwai abin da muka tashi muka tarar a wajen kanikawanmu: rami mai tsawo da aka gina da bulo, mota ta hau ta raba ƙafa a kansa, bakanike ya sauka ciki da tocila a baki.

Yanzu da matasa da dama a yankinmu suka fara mallakar mota daga kuɗin shinkafa da tumatir, wasu kuma sun gama koyon kanikanci a Kano sun dawo gida suna son buɗe wajen aiki a harabar gidansu, wannan muhawara ta shigo zaurukan WhatsApp. Amsar da aka fi bayarwa ita ce: "Haƙa rami kawai, ya fi arha, ba ruwansa da wuta." A wurare da yawa na Arewa wannan amsar daidai ce. A cikin yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam kuwa, ina ganin ita ce shawara mafi tsada da za a ba mutum.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga can ne ruwa ke gangarowa ta babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu a ƙananan magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye. Ba inji ke turo shi ba, gangara kawai yake bi. An tsara kashin farko na shirin ne don ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Kusan shekara hamsin ke nan ana zuba wa ƙasa ɗaya ruwa rani da damina. Shuka ba ta shanye duka, rana ba ta ƙafar da duka. Wani kaso yana tsiyayewa ƙasa ya taru. Shinkafa, wadda ta mamaye gonakin yankin, ita ce kan gaba a wannan, domin a cikin ruwa take kwana take tashi. Masu bincike, ciki har da na tashar binciken ban-ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa, sun daɗe suna rubutu a kan tasowar ruwan ƙarƙashin ƙasa da jiƙewar gonaki a wannan shiri, kuma gyaran magudanan fitar da ruwa na cikin ayyukan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya ba da rance dominsa.

Ba sai an karanta rahoto ba ma. Leƙa rijiyar da ke kusa da gonaki a watan Agusta. Tambayi masu haƙa masai ko sokawe a wane zurfi suke fara cin karo da laima. Dubi ƙasan katangun gidaje, inda siminti ke ɓarewa ya bar farin gishiri-gishiri.

Ramin duba mota da mutum zai tsaya a ciki ya yi aiki ba tare da ya ranƙwafa ba yana bukatar zurfin kusan mita ɗaya da rabi ko fiye kaɗan, faɗi kusan santimita 90, tsawo mita huɗu zuwa biyar. Idan ruwan ƙasa a filinka yana tasowa ya wuce wannan zurfin ko da na wata biyu ne a shekara, to rijiya ka gina, mai siffar akwati.

Za a ce ai sai a shafe ta da siminti mai hana ruwa. Bari mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. Ruwa mai cika ma'aunin mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, nauyinsa kilo 1,000 ne. Idan ruwan ƙasa ya taso mita ɗaya sama da gindin raminka, kowace murabba'in mita ta daɓen ramin tana shan turi daga ƙasa daidai da tan ɗaya. Ramin da faɗinsa har da kaurin bango ya kai mita 1.3, tsawonsa mita biyar, yana da murabba'in mita shida da rabi. Tan shida da rabi ke nan na ƙarfi yana ƙoƙarin ɗaga shi sama kamar kwale-kwale, ban da wanda ke matsar bangon ta gefe. Bulo mai inci shida da aka yi wa shafe ba a yi shi don wannan ba. Zai tsage ta mahaɗar daɓe da bango, ruwa ya sami hanya, daga nan kuma babu shafen da zai tsayar da shi. Ramin da zai jure sai na kankare zubi ɗaya da rodi a ciki, da shimfiɗar hana ruwa ta waje, da ɗan ƙaramin gurbi a kusurwa inda ruwa zai taru a zuƙe shi da famfo. Ana iya yin sa. Amma daga lokacin da ka lissafa rodi, tsakuwa, siminti, katakon zubi da famfon, maganar "rami ya fi arha" ta fara rawa, kuma famfon nan shi ma wuta yake so. Wato hujjar "ba ruwansa da wuta" ita ma ta tafi.

A harkarmu ta rubuta manhaja akwai irin wannan tarko. Mutum ya zaɓi hanyar da ta fi sauri yau, sai ya ƙare yana biyan kuɗin gyaranta duk wata har abada. Rami a ƙasa mai ruwa haka yake: kuɗin ginawa sau ɗaya ne, kwasar ruwa da bokiti kuma kowace damina.

Sannan a tuna garejin gida muke magana. Gida akwai yara. Rami mai zurfin mita ɗaya da rabi da ruwa ya kai gwiwa a ciki ya isa ya halaka yaron da ya fara tafiya, kuma katakon da ake rufewa da shi yakan ruɓe ko a ɗauke shi a yi wani amfani. Ruwan da ya kwanta mako guda ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe, a yankin da dama can zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran damina saboda ruwan gonaki. Kwaɗi su shiga, maciji ya biyo kwaɗi. Baƙin mai da man birki da suka ɗiga a ramin kuma ba sa zama a nan. Ta tsagar da ruwa ya shigo, ta nan suke fita, su nufi ruwan da rijiyar gidan take sha.

Akwai haɗarin da ba a gani da ido, kuma wannan ya shafi kowane rami ko a ina aka haƙa shi. Tururin fetur ya fi iska nauyi har ninki uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake gangarawa ya kwanta a wuri mafi zurfi kamar yadda ruwa ke yi. Wanda ya kwance famfon mai ko tiyon tanki a kan rami, tururin yana taruwa a ƙafafunsa. Tartsatsi ɗaya daga wayar wuta da aka haɗa da leda, ko daga mai walda da ke gyaran salansa, ya isa. Gas ɗin girki shi ma ya fi iska nauyi, kuma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun mayar da janaretocinsu da injinan ban-ruwa suna aiki da shi, tukunyar kuma sau da yawa a gareji ake ajiye ta. Gas ɗin CNG da gwamnati ke tallata wa masu mota ya bambanta: shi ya fi iska sauƙi, sama yake tashi, matsalarsa rufin da ba shi da mafitar iska. Sai dai motar da aka mayar CNG yawanci tana nan da tankin feturinta, saboda haka maganar farko ba ta kau ba.

To, sai a sayi lif ke nan? A hankali.

Lif ya kuɓuta daga ruwa domin ba a haƙa masa komai mai zurfi, amma yana da nasa sharuɗɗan, kuma masu tallarsa a intanet ba su cika faɗa ba. Na farko shi ne daɓe. Lif mai ginshiƙi biyu yana tsaye ne da ƙarfin manyan ƙusoshi da aka dasa a cikin kankare. Mota na sama, nauyinta na ƙoƙarin karkato ginshiƙan ciki, ƙusoshin ne kaɗai ke riƙe su. Kamfanonin da ke ƙera masu ɗaukar tan huɗu sukan nemi kankare mai kaurin santimita 10 zuwa 15 mafi ƙaranci, wasu har 20, mai ƙarfi sosai, wanda ya yi kwana 28 yana bushewa kafin a huda shi. Daɓen da muke yi a gidajenmu, na yatsa biyu ko uku a kan ƙasar da aka dandaƙe, ba ya cikin lissafi. Wanda ya kafa lif a kansa ya rataya tan ɗaya da rabi a saman kansa da igiyar da bai gwada ba. A yankinmu ma akwai ƙari, domin ƙasa mai jiƙewa tana iya zaunawa. Dole a cike da marmara a danne sosai, a ɗaga daɓen sama da matakin tsakar gida, kafin a zuba kankaren.

Na biyu tsayi. Don mutum ya tsaya a ƙarƙashi, mota za ta tashi kusan mita 1.8. Ɗora tsayin ƙaramar mota, kusan mita ɗaya da rabi, ka sami mita 3.3. Idan Hilux ce ko Sharon, ƙara. Ɗakunanmu yawanci mita uku ne ko ƙasa da haka. Ko dai a yi rumfa mai tsayi ta musamman, ko a haƙura.

Na uku wuta, kuma a nan ne nake ganin mutane suna tsorata fiye da kima. Injin irin wannan lif yawanci kilowat 2.2 ne, kuma yana ɗaga mota cikin kimanin minti ɗaya. Kilowat 2.2 na minti ɗaya bai kai wat-awa 40 ba. Batirin wayar da ke hannunka, idan mai 5,000 ne, yana ɗauke da kusan wat-awa 19. Ɗaga mota sau ɗaya daidai yake da cika waya biyu. Saukowa kuwa, a mafi yawan masu sauƙin kuɗi, nauyin motar ne ke yi idan ka saki makulli ka danna hannun sakin mai. Saboda haka yawan wutar ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne fizgar farko: injin lantarki idan zai tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci idan ya daidaita, na ɗan daƙiƙa. Ƙaramin janaretan nan da ake cajin waya da shi ba zai ko motsa shi ba. Matsakaicin janareta zai yi tari ya mutu. Inbata mai kVA biyar da batir mai kyau na iya ɗauka, amma a duba takardarta a ga nawa take jurewa na fizga kafin a yi alƙawari. Wutar KEDCO idan ta zo da rauni kuma, injin zai riƙa gurnani yana zafi har ya ƙone. Wani abin lura: ana ƙera su iri biyu, mai layi ɗaya na bolt 220 da mai layi uku na bolt 380. Gidajen ƙauyukanmu kusan duk layi ɗaya ne. A tabbatar kafin a tura kuɗi, domin hotonsu a shafin talla iri ɗaya ne.

Sai kuɗi. Lif kayan waje ne, farashinsa na bin dala, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 duk wanda ke sayen waya ko kwamfuta ya san abin da hakan ke nufi. Wannan ke tura mutane wajen na hannu, waɗanda aka cire daga garejojin Turai. Ba na ƙin na hannu. Kwamfutar da nake aiki da ita ma ta hannu ce. Bambancin shi ne kwamfuta idan ta lalace allo ne zai yi baƙi. A lif na hannu abin dubawa shi ne makullan tsaro, waɗanda ke yin ƙas-ƙas-ƙas yayin da mota ke hawa. Su ne ke riƙe ta idan tiyon mai ya fashe. A duba igiyoyin ƙarfe da ke daidaita ɓangarorin biyu ko sun fara tsintsinkewa, a duba hannuwan ko an taɓa yi musu walda. Wanda makullinsa ya lalace aka ɗaure shi da waya don kada ya dami mutane, ko kyauta ne a bar shi. A kuma tambayi mai sayarwa wa zai kafa, wa zai gyara, kuma idan roba ta mutu a cikin silinda ana samunta a Ƙofar Ruwa ko sai an jira daga Legas.

Idan aka cika waɗannan sharuɗɗa, lif ya fi rami nesa ba kusa ba ga ƙananan motoci. Tayoyi huɗu suna rataye, don haka birki, shokozoba da duk abin da ya shafi ƙafa a buɗe yake, abin da rami ba ya bayarwa sai an sake kafa jak a gefensa. Akwai haske, akwai iska. Kana iya kwance shi ka tafi da shi idan ka tashi, ko ka sayar. Rami kuwa sai dai ka sayi ƙasa ka cike. Motoci masu amfani da lantarki zalla, waɗanda batirinsu ke shimfiɗe a ƙarƙashi kusan faɗin motar gaba ɗaya, ba za a iya sauke batirin ta ramin santimita 90 ba. Ba su da yawa a hanyar Zariya yau, amma matashin da ke gina wajen sana'a na shekara ashirin ya sa wannan a ransa.

Rami ma yana da inda ba a kayar da shi, kuma zalunci ne a ɓoye. Tarakta, babbar motar ɗaukar buhuna, J5 da aka loda da kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan, babu wanda zai ɗora su a lif mai tan huɗu. Rami ba shi da abin da ke lalacewa, maginin unguwa zai gina shi da kayan da ke kasuwar garin. Wanda filinsa ke kan tudu, nesa da magudana, inda rijiya ke da zurfi ko a ƙarshen damina, kuma manyan motoci ne abokan cinikinsa, ya haƙa abinsa, ya katange.

Yadda za ka san wane ɓangare kake ba ya bukatar injiniya. Haƙa ɗan rami na gwaji mai zurfin mita biyu a daidai inda kake son ginin, ka rufe bakinsa da abu mai nauyi saboda yara da dabbobi. Kafa sanda mai alamar santimita a ciki. Duk Juma'a ka ɗauki hoto da wayarka, hoton zai riƙe kwanan wata da kansa. Yi haka daga Yuli zuwa Oktoba, sannan ka sake dubawa a tsakiyar noman rani lokacin da magudanai suka cika, domin a nan yankin ruwan ƙasa yana da lokacin tasowa biyu. Kada ka dogara da manhajojin da ke nuna tsayin wuri daga teku. Kuskuren GPS na waya a tsaye yakan kai mita da yawa, mu kuma a kan rabin mita muke magana. Na san shekara guda jira ne mai tsawo ga wanda kuɗi ke hannunsa. Idan ba za ka iya ba, rijiyar maƙwabci da tsohon mai haƙa masai na unguwa za su ba ka rabin amsar a yini ɗaya.

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi, abin da nake ba da shawara ba ya cikin biyun. Idan ƙasa ba ta yarda a shiga cikinta ba, a ɗaga motar da gini. Ka ga irin gadar kankare da ke wuraren wankin mota: katanga biyu masu ƙarfi a jere, gangara a gaba, mota ta hau, mutum ya shiga tsakaninsu. Rami ne a sama da ƙasa. Ruwa ba ya taruwa, tururin fetur na ficewa ta buɗaɗɗen baki, babu lantarki, babu dala. Abin da take ci shi ne fili. Gada mai tsayin mita 1.2 tana son gangara ta kusan mita bakwai idan ba a so ƙasan ƙaramar mota ya riƙa gurzar kankare, ga kuma mita biyar na wurin tsayawa. Mita goma sha biyu ke nan a miƙe. A cikin birnin Kano wannan fili dukiya ne, a ƙauyukan Bunkure da yawa kuwa akwai shi. Wanda filinsa bai kai ba zai iya raba biyu: ya haƙa rabin mita, ya ɗaga sauran sama, in gwajinsa ya nuna ruwa ba ya kaiwa nan. Katangun a cika su da kankare da rodi, ba bulo mai rami a ciki ba. A yi ɗan tudu a gefen ciki na kowace katanga don kada taya ta zame, a sa abin tokare a ƙarshe. Hawan gada da mota sai da mai nuna hanya a gaba, musamman ga sabon direba.

Wanda kuma mota ɗaya gare shi, yana son canza baƙin mai da duba birki ne kawai a ƙarshen mako, ko gadar ma ta yi masa yawa. Jak mai taya, ƙafafun ƙarfe guda huɗu na tallafe mota, da daɓe mai kyau sun ishe shi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, haka nan bulo ba madadin ƙafar ƙarfe ba ne, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Ragowar kuɗin ya sayi ƴar na'urar nan ta karanta kwamfutar mota, wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan mahaɗa ta OBD2, kuma yawancin motocin hannu da ke shigo mana daga can da Turai suna da ita. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner za ka ga lambar matsalar da ta kunna fitilar inji, zafin ruwa, da yadda na'urar auna iskar salansa ke aiki, kafin kowa ya kwance noti ɗaya. Masu arha na jabu sun cika kasuwa, wasu ba sa karanta kowace mota, don haka a gwada a motar kafin a biya.

Saura waɗanda suka riga suka haƙa, kuma suna da yawa. Kada a jira damina ta gaba. A yi wa ramin murfin ƙarfe mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, a sa masa kwaɗo. A fasa ƙaramin gurbi a kusurwa mafi gangara don tiyon injin ban-ruwa ya sami wurin zama, injin kansa kuma a waje, ba a cikin ramin ba, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. Matakala ta zama a ƙarshen da mota ba ta rufewa, don a sami hanyar fita idan wuta ta tashi. Fitila ta zama mai batir, rufaffiya. Aikin tankin mai da walda a fitar da su fili. Idan kuma ruwa yana dawowa kwana biyu bayan kowace kwasa, a cike rabin ramin da marmara, a zuba sabon daɓe a sama da inda ruwan ke tsayawa, sannan a ɗaga katangun gefe su rama zurfin da aka rasa.